Babi na Bakwai: Ƙurar da ke Bayan Dashbod

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, babu mai mota a ƙasar Hausa da ba ya fama da ƙura. A wanke mota da safe, kafin la'asar ta yi fari fat. Ƙurar waje ba ta da wuyar sha'ani, bokitin ruwa da tsumma sun gama da ita. Wadda ta fi damuna ita ce wadda ke kwance a ƙofofin iskar da ke jikin dashbod da bututan da ke bayansu. Ita ce ke fesowa a fuskar direba da zarar ya kunna esi, ita ke sa yara atishawa a kujerar baya, kuma mai asma kan fara jin ta a ƙirjinsa tun ba a fita daga unguwa ba.

Ƙurar hunturu ba irin turɓayar hanya ba ce. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe Kano da Damagaram da Maiduguri daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, ba nisa da garin Faya. Dubban shekaru da suka wuce wurin cike yake da ruwa, ɓangare ne na tsohon tafkin Chadi a zamanin da yake da girman gaske. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda asalinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne. Iskar arewa maso gabas kan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Saboda tsabar laushinsa, wani yakan tsallake Tekun Atalantika har ya sauka a Kudancin Amurka. Abin da ya iya wannan tafiya, ragar da ke gindin gilashin motarka ba ta isa ta tare shi ba.

Ta wannan ragar iska ke shiga mota. Ka tsaya a gaban motarka ka dubi gindin gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya, za ka ga baƙar roba mai ramuka. Daga nan iskar waje ke gangarawa ta bi ta filta, idan motar na da ita, sannan fanka ta tura ta cikin ifaforeta, wato wani ƙaramin lagireton alminiyam da gas ɗin esi ke sanyayawa. Daga can sai wasu murafu su raba ta: wata ta tafi ƙafafu, wata gilashi, wata kuma ta biyo bututan roba ta fito ta ƙofofin da ke fuskantar mutum. Ƙofar iska ke nan ita ce zangon ƙarshe. Wanda ya goge ta kaɗai ya bar sauran hanyar, kwana kaɗan zai sake ganin ƙurar ta dawo inda take.

Ba a daɗe da fara wannan tsari ba. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da mota mai esi a 1939, amma na'urar sanyin a but take, ta cinye wuri mai yawa. Sai a 1954 kamfanin Nash ya tattara komai a gaba, sanyi ya riƙa fitowa ta dashbod yadda muka saba gani. A 1964 Ford ta Ingila ta sa wa Cortina ƙofofin iska masu zagaye da ake juyawa ko'ina. Filta kuwa ta zo a makare: Saab 900 ta ƙasar Suwidin, wadda ta fito a 1978, tana cikin motocin farko da suka zo da ita, kuma an ɗau shekaru kafin sauran kamfanoni su bi sahu. Shi ya sa har yau akwai tsofaffin motoci a titunanmu da ba su da filta ko kaɗan, duk abin da iska ta kwaso sai ya isa hancin fasinja.

Kafin a kai ga ciro komai, a tambayi kai ko akwai buƙata. Idan ƙura ce kawai a kan fikafikan da ke juya iska, buroshin fenti mai laushi ya wadatar. Ka buɗe ƙofofin mota, ka kunna fanka a lamba ta ƙarshe ba tare da esi ba, ka riƙa kaɗa buroshin tsakanin fikafikan, iska na kore abin da ya taso. In kana da injin zuƙe ƙura, ka kashe fankar ka kanga bakinsa kusa da buroshin, ya fi tsafta. Lungunan da buroshi bai kai ba, tsinke mai auduga da aka ɗan jiƙa zai kai. Ciro ƙofa sai in datti ya daskare ya zama danƙo, ko fikafikan sun ƙi juyawa, ko wani abu ya faɗa ciki yana ƙara, irin su tsinken sakace, murfin biro, kwabo, ko takardar alewar da yaro ya cusa.

Ƙofofin ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ake yin ɓarna. Akwai wadda ke zaune ita kaɗai a raminta, kilif uku ko huɗu ke riƙe da ita. Yawancin na gefe, kusa da ƙofar direba da ta fasinja, haka suke. Akwai wadda ke haɗe da babban faifan da ya kewaye rediyo, sai an ɗaga faifan gaba ɗaya take biyo shi. Akwai kuma wadda aka ɗaure da sukuru ta baya, ba ta fita sai an sassauta dashbod. Wannan ta ukun, shawarata a bar ta inda take, a goge ta a zaune. Bai kamata a kwance gaban mota don ƙura ba. Idan ba ka san wace iri ce taka ba, ka nemi hoton ƙofar motarka a intanet ka ga bayanta, ko ka leƙa wurin masu sayar da kayan gyara, a Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Fanteka in kana Kaduna, ka roƙi a nuna maka irinta da aka riga aka ciro. Minti biyu da za ka yi kana juya ta a hannu zai nuna maka inda kowane kilif yake da ɓangaren da yake kamawa.

Robar dashbod ta sha wuya a ƙasarmu. Motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu, saman dashbod ɗinta kan kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Shekara da shekaru na wannan gashi suna busar da roba, ta daina lanƙwasa, ta koma karyewa. Galibin motocinmu kuma sun yi shekara goma ko fiye a Turai ko Amurka kafin su iso mu. Don haka kada a taɓa wannan aiki da sanyin asubar hunturu, lokacin da roba ta fi taurin kai. A bari hantsi ya ɗaga, cikin motar ya yi ɗumi, sannan a mayar da ita inuwa a fara.

Na taɓa tsayawa a garejin wani dattijo mai gyaran esi, ina kallon yaronsa zai buɗe ƙofar iskar wata Corolla. Yaron ya ɗauko sukundireba ya nufi dashbod.

"Kai, ajiye wannan," in ji dattijon, ko tashi bai yi daga benci ba. "Da me na ce a riƙa buɗewa?"

"Da roba, Oga."

"To ɗauko ta. Motar mutane ce."

Yaron ya ɗauko wata 'yar roba mai faɗi, bakinta siriri. Dattijon ya taso ya manna salatif a gefen ramin, ya zura robar ta ƙasa kamar faɗin farce, ya ɗan murɗa ta. Aka ji ƙas. Bai ja ba. Ya bar robar a wurin don kada kilif ɗin ya koma, ya sa wata a ɗaya gefen, aka sake jin ƙas. Sannan ya sa yatsu huɗu ya jawo ƙofar kai tsaye zuwa ƙirjinsa, ba sama ba, ba gefe ba, ta fito salin alin. Ya juya bayanta ya nuna wa mai motar. "Alhaji, dubi abin da kake shaƙa." Bakin bututun ya yi dam da ƙura mai launin toka, ta haɗu da maiƙo ta zama ɓawo.

Duk dabarar ke nan. Ana sayar da irin waɗannan robobi na ɓamɓare faifan mota a shagunan kayan gyara, kuma tsohon katin banki ma yana yin aikin a wurare da dama. In dole sai da sukundireba, a naɗe bakinsa da tsumma ko salatif. Abin da ba a yi shi ne a kama fikafikan a ja. Kowane fiffike yana tsaye ne a kan 'yan ƙusoshin roba biyu da ba su kai kan ashana kauri ba, wani siririn sanda kuma ya haɗa su ta baya don su juya tare. Ɗaya ya karye, sauran sun saki, ƙofar ta koma kallon ƙasa har abada. Idan ka ɗaga gefe biyu ka ji har yanzu tana riƙe, tsaya. Akwai sukurun da ba ka gani ba, ko ƙarƙashin wani ɗan murfi, ko a bayan faifan gefen dashbod da ba a gani sai an buɗe ƙofar mota. Ƙarfi ba ya buɗe abin da sukuru ya ɗaure, sai dai ya fasa shi.

Wasu motocin kilif ɗinsu na ƙarfe ne da ake sakawa a kan harshen roba. Yakan zame ya zauna a ramin dashbod, ko ya faɗa ciki. Ka ƙirga su da zarar ƙofa ta fito, ka mayar da kowanne kan harshensa. Kilif ɗaya da ya ɓace shi ne ƙarar nan da za ta dame ka a kan kowane gargada.

Ƙofofin tsakiya suna da wani ƙarin sha'ani, wato waya. A motoci da yawa maɓallin sigina biyu, mai jan alwatika, a jikin faifan yake, wani lokaci da agogo, ko 'yar fitilar da ke nuna ko jakar iskar fasinja na aiki. Idan faifan ya saki, kada a fizge shi. A jawo shi kaɗan, a leƙa baya, a danna harshen soket sannan a zare, kuma soket ɗin ake kamawa, ba wayar ba. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai.

A nan dole in ja kunne da babbar murya. Duk soket ko waya mai launin rawaya da ka gani a bayan dashbod, ka ɗauka ta jakar iska ce, jakar nan da ke fashewa ta kare mutum in an yi karo. Ba ruwanka da ita. Jakar fasinja tana zaune ne a saman akwatin gaban kujerarsa, dab da ƙofar iskar wannan gefen, kuma tana fita da ƙarfin da zai iya raunata wanda ya kanga fuskarsa. Idan aikinka zai kai ka kusa da ita, ka kashe mota, ka zare makulli, ka kwance kan batir na nagetif, yawanci da sifana mai lamba 10, sannan ka jira. Littattafan gyara na Toyota sun ce aƙalla daƙiƙa 90, na Honda minti 3, domin na'urar na riƙe sauran wuta bayan an cire batir. Ni dai in ce a ba ta minti biyar, babu asara. Masu Honda su tabbatar suna da lambar sirrin rediyonsu kafin su cire batir, don wasu rediyoyin kan kulle su nemi lambar. Kada kuma a murɗa makulli alhali soket na zare, domin a wasu motocin fitilar jakar iska za ta kama ta ƙi mutuwa, sai an kai wa mai kwamfuta ya goge.

Wankin kansa ba wuya. Ruwa mai ɗumi a roba, ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke, a jiƙa ƙofar minti goma, a bi ta da tsohon buroshin goge baki, ana juya fikafikan a hankali don ruwa ya shiga mahaɗarsu. Idan akwai maɓalli ko fitila a jikinta, a cire su tukuna. In ba sa ciruwa, kada a tsoma ta, a goge da tsumma mai danshi. Fetur da tina da kananzir, waɗanda hannun makanike ya saba kai wa, ba su da wuri a nan. Suna cin irin wannan roba, su dusashe launinta, wani lokaci su tsattsaga ta. Ruwan zafi ƙwarai kan lanƙwasa fikafikai. Soson da ke zagaye da wuyan ƙofar ta baya shi ke hana iska zurarewa cikin dashbod. In ya ruɓe yana marmashewa, a kankare shi a manna sabo. Bayan ɗauraya a shanya a inuwa har ta bushe sarai, domin ƙofa mai danshi ƙura take kamawa tun ranar farko.

Tana shanya, ka koma kan bututun. Ka zura tsumma mai danshi iya inda hannunka ya kai, ka riƙe bakinsa da kyau kada ya kubce. Kada a kwarara ruwa a ciki: a ƙasa akwai rediyo da wayoyi da ƙananan injinan da ke juya murafun iska. Wasu kan kai mota wurin mai faci a busa iskar kwamfaresa ta cikin ƙofofin. Wannan tura datti baya ne, zuwa kan ifaforeta, inda ya fi wuyar fita.

Yanzu sai filta, wadda a ganina ta fi duk abin da aka faɗa a sama muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa. Akwai masu mota da yawa da ba su taɓa jin cewa akwai ta ba. Filtar inji kawai suka sani. A yawancin Corolla da Camry da Accord na shekarun 2000 zuwa yau, tana bayan akwatin gaban fasinja: a kwashe kayan ciki, a saki ɗan sandan da ke riƙe shi a gefe, a matsa gefunansa ciki, akwatin zai sauko, sai ga wani dogon murfi siriri. A Golf 4 kuwa ta waje take, ƙarƙashin bonet, a gindin gilashi ta gefen fasinja. Ka zaro ta a kwance, a hankali, don abin da ke kanta kada ya zube cikin fanka. Abin da ake tararwa ya isa ya sa mutum tunani: ganyen darbejiya, fikafikan ƙwari, gashin kaza, ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara, wani lokaci har sheƙarsa. Wata motar kuma za ka buɗe ka tarar da gurbin wayam, ko ba a sa mata tun farko ba, ko wani ya ga ta toshe ya jefar don iska ta ƙara ƙarfi. Iskar takan ƙaru na ɗan lokaci, amma duk ƙurar da filta za ta tare yanzu ifaforeta ke tare ta, kuma wankin ifaforeta a motoci da dama sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Kamfanoni kan ce a canza filta bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000, su ƙara da cewa a gaggauta in ana bin wuri mai ƙura. Mu kullum a wuri mai ƙura muke. Hunturu ɗaya ya isa ya cika sabuwar filta. Ka duba ta a tsakiyar hunturu ka kakkaɓe, ka canza ta in hazo ya wuce, kafin zafin bazara ya sa esi aiki dare da rana. Ta takarda ce, ba a wanke ta. Ruwa na lalata saƙarta. A gefenta akwai kibiya: a wasu tana nuna inda iska ke bi, a wasu tana nuna sama ne kawai, don haka ka lura da yadda tsohuwar ta zauna kafin ka zare ta.

Saura wari. Mutum zai wanke ƙofofi, ya sa sabuwar filta, ya kunna esi, ya ji har yanzu warin rima na bugo shi. Wannan daga ifaforeta ne. Tana zufa kamar kwalbar lemon da aka fito da ita daga firji, kuma ruwan nan da kake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota in esi na aiki, nata ne. Ƙura ta hunturu ta kwanta a kanta, damina ta zo da laima, ga duhu ga ɗumi in an kashe mota, sai funfuna ta samu wurin zama. Idan ba ka ganin ɗigon ruwan a ƙasa, ko kafet ɗin gefen fasinja na jiƙewa, ɗan bututun da ke zubar da shi ya toshe, sai a buɗe shi. Akwai kumfar wanke ifaforeta da ake sayarwa a gwangwani, ana fesa ta ta wannan bututu ko ta gurbin filta, ta narke ta fito da dattin ta ƙasa. Abin da ya fi sauƙi kuma ba ya cin ko sisi: in ya rage minti uku ko biyar ka isa gida, ka kashe esi ka bar fanka na busawa, ifaforeta ta bushe kafin mota ta kwana.

Mu mutane ne masu son ƙamshi, kuma ba laifi ba ne mota ta yi ƙamshi. Amma turare ba ya kashe funfuna, rufe warinta kawai yake yi, huhu kuma na ci gaba da shaƙa. Turaren mai da ake ɗigawa a kan fikafikai, ko ɗan kwalbar da ake maƙalawa a bakin ƙofa ya riƙa yoyo, su ne asalin danƙon nan da ƙura ke mannewa a kai, kuma wasunsu na cin fentin roba su bar tabo. Haka man ƙyalli da masu wankin mota ke fesa wa dashbod: ka roƙe su su fesa a tsumma su goge, kada su fesa kai tsaye cikin ƙofofin. Mai son turare ya sa shi a ɗan ƙyalle ƙarƙashin kujera.

Wajen mayarwa, soket ne farko, kowanne sai an ji ya kama. A daidaita wuyan ƙofar da bakin bututu, a tura da tafin hannu a kan firam ɗinta, ba a kan fikafikai ba, har kowane kilif ya yi ƙara. A ɗaura batir, a gwada sigina biyu, a kunna fanka a bi kowace lamba, a sa hannu a gaban kowace ƙofa. Wadda iskarta ta fi sauran rauni, wuyanta bai shiga bututu daidai ba, a sake zaro ta.

A kan hanya, maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta yana rufe ƙofar iskar waje, mota ta riƙa juya ta ciki. Ka danna shi in kana bayan tirela a hanyar da ba kwalta, ko ranar da hazo ya yi kauri, ko a cunkoson da hayaƙi ya yi yawa. Amma kada a bar shi haka tun daga Kano har Maiduguri da mota cike da mutane. Numfashin da ake fitarwa yana taruwa a ciki, yana kawo nauyin kai da gyangyaɗi, kuma direba ne ya fi kowa shiga haɗari da wannan. In hanya ta yi sarari, a buɗe na 'yan mintoci iska ta sauya.

Akwai wari iri biyu da ba na ƙura ba ne, kuma wanki ba ya maganinsu. Idan ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi daga ƙofofin, gilashin gaba kuma yana yin maiƙo ta ciki, ruwan lagireto na raguwa, to ƙaramin lagireton hita da ke cikin dashbod ne ke yoyo. Idan kuma ƙaurin waya ko na roba ka ji, musamman in fanka ta daina aiki a wasu lambobin sai ta ƙarshe kaɗai, ka kashe ta nan take, ka kai motar wurin mai gyaran waya a ranar.